Ranar da Baba Mani Ya Kira Sunan Uwarsa

"Wai akwai hauka a danginku..."

Jabiru ya faɗa, kansa a sunkuye. Shafa'atu ta ɗago ta dube shi. Saura wata ɗaya ɗaurin aurensu!

"In ji wa?"

"Baraka, ɗiyar kawuna. Ta ga kakanki ran kasuwar Ƙanƙara yana ƙwala miki kira da sunanki gatsal. Sanyin idona, mahaifina ya ce a dakata."

Ta kasa musu. Sunan mahaifiyar kakan nata, Baba Mani, ta ci, don haka bai taɓa furta shi ba, "Uwata" yake ce mata. Bana ga shi yana faɗinsa gaban mahauta, har ya ɓata a hanyar gonar da ya shekara hamsin yana noma.

Kwana uku sai ga Hajiya Dada, kakar Jabiru, mashin ya sauke ta a Mabai, ƙauyensu Shafa'atu. Tsohuwar nas ce, ba ta sayen magana a kasuwa.

"Na zo in ga haukan da idona."

Ta zauna gefen tabarmar Baba Mani, suka gaisa. Ta tambaye shi lokacin da ake ciki, ya ce shuka, alhali dawa tana rumbu. Ta miƙa masa goro. Ya jujjuya shi, ya rasa me ake yi da shi.

"Hajiya, tsufa ne ko?" in ji Shafa'atu.

"Sa'ana ne fa, 'yar nan. Ni ma nakan nemi tabarau yana bisa goshina, amma nakan tuna. Tsufa yana rage wa ƙwaƙwalwa sauri, ba ya share ta. Wannan ciwo ne, tsufa ƙofa kawai ya buɗe masa."

"Ana... ana gadonsa?"

"Wanda ya zo bayan saba'in, ba kasafai ba. Share hawayenki, gobe sai asibitin Katsina."

Likita bai ce komai ba sai abin da ta ce.

Da suka dawo, Hajiya Dada ta tara gidan ɗanta, mahaifin Jabiru, har da Baraka. Shafa'atu na rakuɓe bakin ƙofa.

"Shigo, mai ƙwace mini miji," ta ce tana hararar Jabiru, shi kuwa bakinsa ya ƙi rufuwa. Sannan ta juya ga mahaifinsa.

"Kai, a bar ranar ɗaurin auren inda take. Malam Mani ba mahaukaci ba ne. Ciwon mantuwa gare shi, ba ya warkewa, kulawa yake so. Kuma yarinyar nan ce take ba shi abinci a baki tun bara."