Jar Robar da Ta Ƙi Zama

A unguwar Treichville akwai wata yarinya 'yar aji shida. Babanta makanike ne. Baburan nan masu ƙafa huɗu yake gyarawa, waɗanda ake ce wa kwad. Su ne ake haya a bakin teku a garin Bassam.

Yarinyar tana da kai, kuma ta san tana da kai. Nan matsalar take.

Wata Alhamis aka kawo kwad ɗin Hajiya Rakiya, mai ba da haya a Bassam. Wani ɗan haya ya kara shi da bishiyar kwakwa. Jar robar da ke rufe tayar baya ta fashe.

"Malam, ran Asabar nake so," in ji Hajiya. "Baƙi za su cika bakin teku."

"Asabar da safe, in sha Allahu," in ji Baba. Kowa a layin ya sani, in Baba ya ce Asabar, to Asabar ce.

Da Hajiya ta tafi, ya kira 'yarsa.

"Ni ina fama da injin. Gobe bayan makaranta ki je kasuwar Adjamé, shagon Gwadabe mai kayan babur. Ga tsohuwar robar, ki tafi da ita. Ki ɗora ta a kan sabuwa. In ramukan noti ba su hau kan juna ba, kada ki karɓa. In aiki ya yi kyau, da ke za mu kai shi Bassam."

"To, Baba."

Washegari ta dubi tsohuwar robar. Duk baƙin mai da laka. Ita kuwa kayan makarantarta fes, ga ƙawayenta a bas ɗaya. Sai ta tura robar bayan duron ruwa.

"Ja ce dai," ta ce a ranta. "Ai ina da ido."

A Adjamé ta kutsa tsakanin masu tura amalanke har shagon Gwadabe. Yana zaune yana cin goro. Bai ko tashi ba. Ya miƙa hannu ya jawo wata jar roba da ke kusa da shi.

"Kawu, irin ta kwad ɗin Hajiya Rakiya ce?"

"C'est même chose, duk ɗaya ne, 'yata. Kamfani ɗaya, launi ɗaya. Duk kwad kwad ne."

Wannan magana ta "duk ɗaya ne" tana ƙona mini rai. Ƙarya ce tsagwaronta. Kamfani ɗaya kan yi ƙira iri-iri, kowace da ramukanta. Takalmin yayanka da naka duk takalmi ne. To, sa nasa ka yi gudu mu gani.

Yarinya ta karɓa ta koma gida. Ta tarar Baba ya tafi ta'aziyya. Ta ɗora robar a kan kwad. Ramuka biyu suka hau daidai. Sauran biyun suka ƙi.

Abin yi a nan guda ne, ta jira Baba ta faɗa masa. Ina, ba ta jira ba.

Ta ɗauko ƙusa ta gasa a murhun gawayin Mama. Ta huda sababbin ramuka. Ta sa gwiwa ta danne robar har ta lanƙwasa, ta ɗaure noti tam. Daga nesa abin gwanin kyau. Amma ta ƙasa, gefen robar ya manne da salansa, wato bututun da hayaƙi ke fita mai zafi kamar wuta.

Baba ya dawo bayan magariba, ga wuta an ɗauke. Ya leƙa daga bakin ƙofa.

"Har kin ɗaura? Kin gwada da tsohuwar?"

"Na gwada, Baba."

Kun ji. Kuskure ɗaya ya haifi ƙarya.

Asabar da safe Hajiya ta iso da motar ɗaukar kaya. Baba ya tayar da kwad, ya bar shi ya yi ɗumi. Can sai wani wari ya tashi. Hayaƙi ya biyo baya. Robar ta fara ɗiga kamar kyandir. Baba ya yi wuf ya kashe inji.

Hajiya ta riƙe ƙugu.

"Malam, wannan zan ba 'ya'yan mutane su hau? Da a kan yashi ne fa, da ƙafar yaro a wurin? Ni da nake yabonka ko'ina?"

Baba ya matso kusa da kwad. Ya durƙusa ya ga ramukan ƙusa. Bai nuna 'yarsa ba, ya dai sunkuyar da kai. Wannan sunkuyawar ta fi mari zafi.

Yarinya ta ruga bayan duro, ta jawo tsohuwar robar.

"Hajiya, ba laifin Baba ba ne. Ni ce. Ban tafi da wannan ba, don tana da dauɗa. Ni na huda. Kuma na ce masa na gwada."

Baba ya miƙe.

"Dauɗa? Dauɗar nan ce ke saya miki kayan makarantar da kike tsoron ɓatawa. Roba ta ƙi zama, tana gaya miki ba wurinta ba ne, ke kuma kika sa mata gwiwa. Na tambaye ki, kika rufe ni."

Hajiya ta yi tsaki, ta dubi yarinyar.

"Na rasa Asabar. Kada in rasa Lahadi."

Yarinya ta ɗora tsohuwar robar a ka, da man da lakar, ta shiga bas. Mutane na kallo, ba ta kula ba.

Gwadabe ya sake jawo wata ja. "Même chose."

Ta ɗora tsohuwar a kai. "Kawu, dubi ramin nan. Dubi wancan. Wannan ne ɗaya?"

Ya yi gunaguni, ya hau tsani, ya sauko da wata. Ashe yana da ta gaskiyar tun jiya, ƙyuyar hawa ce kawai. Mutum da gemunsa.

Ta ɗora. Ramuka huɗu suka hau kan juna.

A gida, notuna suka shige da yatsu kawai, ba gwiwa, ba ƙusa. Baba ya kama hannunta ya zura tsakanin roba da salansa.

"Kin ji sarari? Haka ake bari."

Ran Lahadi kwad ya isa Bassam. Hajiya ta zagaya shi, ta shinshina, ta yi dariya. Baba ya ɗora 'yarsa a baya, suka bi bakin ruwa a hankali.

Yara, abin da bai dace ba, ƙarfi ba ya sa shi ya dace. In an ce ku gwada, ku gwada. In kuma kun yi kuskure, ku faɗa tun bai fara hayaƙi ba.