Fuskar da Aka Ara wa Matar Khan

Bayan sadakar bakwai ta mijina, Usta Rajab mai zanen hotunan manya, na tafi lambun Suhrab Khan a bayan garin Shiraz don in kwaso kayan aikinsa. Da hantsi na so zuwa, jikin 'yata Nargis ya tsare ni har yamma. Tun da babanta ya fara aikinsa na ƙarshe take ramewa. Ba zazzaɓi, ba tari. Fuskarta kawai ke koɗewa kamar rigar da ta sha wanki.

Aikin kuwa hoton uwargidan Khan ne, wadda ta rasu bara. Baƙon namiji ba ya ganin matan manya ko suna raye, balle sun mutu. Sai Usta ya yi yadda masu sana'arsa suka saba: ya zana ado da tufafi, ya ari fuska a gida. Ta Nargis ya ara.

Mashti Kurban, tsohon mai gadin lambun, ya buɗe mini ƙofa yana taunar zabibi.

"Matar Usta, yanzu ake zuwa? Ai jemagu ma sun fi ki sammako."

"Kayansa kawai zan ɗauka, Baba."

"Ɗauki ki fito. Ni in rana ta faɗi, ƙafata ba ta wuce itatuwan lemon nan." Ya rage murya. "In an yi miki magana, kada ki amsa."

Ɗakin shaƙatawar Khan a buɗe yake. Warin man fenti ya tare ni, gauraye da ruwan wardi. Sauran hasken rana na ratsowa ta gilasan taga, ja da shuɗi.

Uwargidan da ya zana tana tsaye a gurbin bango, tsawon mutum sosai. Riga mai zaren zinariya, lu'ulu'u har ƙirji, gira a haɗe, lalle a yatsu, rumman a hannun dama. Fuskar 'yata ce, amma da jini a kumatu, jinin da ta gida ta rasa.

Na durƙusa ina tattara alƙalumansa na fenti masu gashin kyanwa. Sai na ji munduwa ta yi ƙara.

Na ɗaga kai. Rumman ya koma hannun hagu.

"Inna."

Muryar Nargis. Saura ƙiris in amsa, na cije harshe.

"Inna, kada ki taɓa. Ya kusa bushewa."

Usta ya sha faɗa mini, fuska yake yi a ƙarshe, kuma in fentin ya bushe ba ya sake fita. Nan na gane hoton ne ke cin 'yata, in ya bushe kuma ta tafi ke nan.

Na jiƙa gefen mayafina da man wanke fenti. Na taka kujerarsa.

Na goge goshin. Da ɗuminsa.

Na goge idanun. Gashin ido ya motsa a ƙarƙashin yatsana.

Bayan fentin ba farin ƙyalle ba ne. Wata fuska ce, toka-toka, mai ramuka.

Hannu mai lalle ya damƙe wuyan hannuna, sanyinsa kamar dutsen wankan gawa. Warin kafur ya bugi hancina.

"Aro aka ba ni," in ji wata murya, busasshiya. "Ban gama da ita ba."

Na ambaci sunan Allah, na fizge, na faɗo ƙasa. Ban tsaya neman takalmi ba.

A gida na tarar da Nargis zaune tana cin gurasa da cuku, idonta garau, kumatu sun fara ja. Na kira ta. Ta buɗe baki. Babu sauti.

Bakin ne ban kai ga gogewa ba.

Washegari na koma da mayafina, na iske Khan ya sa magina sun toshe ƙofar ɗakin da tubali. Na roƙa, aka kore ni.

Nargis ta warke, ta girma, amma ba ta sake furta kalma ba. Mashti Kurban ya bar gadin lambun. Ya ce duk magariba, ta bayan tubalin, yakan ji yarinya tana kiran innarta.