Hoton Kaka a Tsohuwar Kyamara

A gidan su Auta akwai wata tsohuwar kyamara ta katako, mai ƙafafu uku. Cikinta baƙi ne, yana miƙewa yana naɗewa kamar zugazugin maƙeri. Ta kakanta ce na wajen uba, wanda ya rasu tun ba a haife ta ba.

Mai hoto ne shi. Ya ɗauki amare, ya ɗauki 'yan makaranta, ya ɗauki 'yan kasuwa. Amma matarsa, wadda Auta take kira Kaka, bai taɓa ɗaukarta ba. Kullum sai ya ce mata gobe, har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu Kaka ta tsufa. Gwiwoyinta suna ciwo, ba ta cika fitowa daga ɗaki ba. Wata rana ta ce wa Baba tana son a ɗauke ta hoto. Auta ta ruga ta kawo wayar Mama. Kaka ta ture wayar da bayan hannu.

Ta ce, "Ƙawata, kau da wannan abin. Da wancan akwatin aka yi mini alkawari."

Baba kafinta ne, bai iya musu da uwarsa ba. Ya sauko da kyamarar daga kan kabad, ya kaɗe ƙura, ya zauna yana juya ta. Matsalar ita ce, a da kan farantin gilashi take ɗaukar hoto, kuma an daina yin irinsa. Da ƙyar wani abokinsa ya samo masa fim mai falle-falle, guda biyu rak.

Baba ya nuna wa Auta wani siririn akwati da ake zurawa a bayan kyamarar. A ciki gilashin yake zama. Ya ce gilashi yana da kauri, fim kuwa siriri ne kamar takarda. Idan aka sa shi haka nan, zai yi ta lilo a ciki. Dole a yi masa madogara ta kwali, mai kauri daidai da gilashin, don ya tsaya cak a inda gilashi yake tsayawa.

Ya ba ta kwalaye, da almakashi, da gam, da wani tsohon gilashi na gwaji. Ya ce ta yanka, ta manna, ta danne da dutsen guga har ya bushe, sannan ta ƙara wani. Shi kuma ya koma shago, don aiki ya yi masa yawa.

Da farko Auta ta ji daɗi. Amma fa yankan kwali ba wasa ba ne. Almakashin ya dakushe, ya yi mata kanta a yatsa. Gam ya manne mata a hannu da riga. Bayanta ya ƙage. Ga ƙawayenta a waje suna tsallen igiya, tana jiyo dariyarsu.

Ta ɗora kwalin kusa da gilashin. Bai kai ba, saura kaɗan. Ta yi hamma, ta ce a ranta ɗan wannan ai ba wanda zai gani. Ta lulluɓe shi da baƙar takarda, ta saka a akwatin, ta fice.

Baba ya dawo a gajiye, gashinsa duk garin katako. Ya tambaye ta ko ta gwada da gilashin.

Ta ce, "Na gwada, Baba." Ba ta dubi idonsa ba.

Washegari Baba ya shiga ɗakin ajiya, ya toshe ƙofa da bargo. A cikin duhu ake saka fim, haske yana lalata shi. Don haka bai ga komai ba, lalube kawai ya yi.

Shirya Kaka ya ci rabin yini. Mama ta ɗaura mata ɗankwali, ta ce ya karkace, aka kwance. Aka riƙo ta a hankali har kujera a tsakar gida. Baba ya shige ƙarƙashin baƙin ƙyallen da ke bayan kyamarar yana ta gyara. Kaka ta yi ta mita, wai ubansa ma haka yake shanya mutane a rana kamar wanki. Amma da aka ce kar ta motsa, ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Da Baba ya wanke hoton, ya fito jiki ba ƙwari. Hoton ya yi dishi-dishi. Ga ɗankwali, ga kujera, amma fuskar Kaka kamar an shafe ta da ruwa.

Ya zauna a bakin ƙofa, ya dafe kai. Ya ce ƙila idon kyamarar ne ya mutu, ba amfanin a ɓata ɗayan fim ɗin. Zai mayar da ita kan kabad.

Kaka ta daɗe tana kallon takardar. Ba ta yi faɗa ba, ita da take faɗa a kan cokali. Ta kwance ɗankwalin, ta ninke shi a cinya, ta ce a mayar da ita ɗaki, ta gaji.

Auta ta koma gefe ta zauna. Ta kasa cin abinci. Da Baba ya fara naɗe ƙafafun kyamarar, ta je ta tsaya a gabansa.

Ta ce, "Baba, ba kyamarar ba ce. Kwalin bai kai ba. Na gani, na rufe, na ce maka ya yi."

Baba ya buɗe akwatin, ya ɗora kwalin kusa da gilashin. Ya ga lallai bai kai ba.

Ya ce, "Da kin ce kin gaji, da na ce ki bari sai gobe. Gajiya ba laifi ba ce. Kin ga abin da kika sa uwata ta ji?"

Auta ta yi kuka, ta ba shi haƙuri. Ta je ta ba Kaka haƙuri. Kaka ta ja mata kunne, ba da ƙarfi ba, ta ce ta tashi ta je ta gyara, hawaye ba ya manna kwali.

Wannan karon ba ta fita wasa ba. Ta yanka, ta manna, ta jira. Da yatsanta ya yi zafi, ta faɗa wa Mama, aka naɗe mata shi, ta huta, ta ci gaba. Ta shafa kwali da gilashi da tafin hannu har ta ji sun zama ɗaya. Sannan ta kai wa Baba ya gwada da kansa.

Aka sake fito da Kaka. Aka saka fim na ƙarshe. Auta ta riƙe numfashinta tare da Kaka.

Hoton ya fito tar. Har ɗan tabon da ke haɓar Kaka ana gani. Kaka ta kai shi kusa da ido, ta nisantar, ta sake kawowa.

Ta ce, "Wannan tsohuwar fa, wa ya gayyato ta?" Sai ta yi dariya, ta share ido da gefen zane. Ta ce a rataye shi inda za ta riƙa gani daga kan gado.

Tun daga ranar Auta ta koyi abu guda. Idan ka gaji da aiki, ka ce ka gaji. Kada ka rufe shi ka ce ka gama, don wani ne zai sha wahalar abin da ka ɓoye.