Ruwan Famfo a Kwalaben Goggo Lamduan

Da hantsi Goggo Lamduan, mai haɗa ruwan furanni a bayan kasuwar Lamphun, ta kai ƙara caji ofis. An zubar mata da magani, an cika kwalaben da wani abu.

Sufeto Anurak ya shinshina kwalba ɗaya. "Yaya kika gane, Goggo?"

"Nawa da 'yar barasa nake haɗawa don kada ya lalace. Wannan ko ƙamshi babu. Kuma na daɗe ina sayarwa ban lura ba, mura ta toshe min hanci."

"Masu saye sun yi ƙorafi?"

Ta sunkuyar da kai. "Godiya ma suke ta yi."

Ba a fasa kwadon shagon ba. Wanda ya saka shi Thawin ne, kafintan da ke maƙwabtaka da ita, don haka Sufeto ya je wurinsa.

"Tun da na gyara ƙofar ban sake leƙawa ba," in ji Thawin, yana ta goge katako. "Yallaɓai, a kan ruwan famfo za ka ɓata takalminka?"

"Wa ya ce maka ruwan famfo ne? Ni kaina ban sani ba tukuna."

Hannun Thawin ya tsaya. Ya zauna a kan benci.

"Innata ce, Yallaɓai. Ciwon suga gare ta. Tun da ta fara ɗiga wannan abu a harshe ta watsar da maganin asibiti, ƙafarta har ta kumbura. Na ce bari in nuna mata ruwa ne kawai. Sai ga shi ta sha na famfon, tana cewa ta ji daɗin jikinta."

Goggo Lamduan, da ke tsaye a bakin ƙofa, ta dafe ƙirji. "Yaya Kham ta bar maganinta? Kai ɗan nan, bakinka ciwo yake da ba ka faɗa min ba? Ai zuwa take mu yi hira ta huce. Ban taɓa cewa furanni na maganin suga ba!"

Sufeto ya taɓa kafaɗar Thawin. "Shiga shagon mutane laifi ne. Mu je ka yi bayani."

Suna nufar mota Goggo ta ja ƙofar shagonta, ta tare mai keke.

"Ina zuwa, Goggo? Ƙararki fa?"

"Ta jira. Asibiti zan kai Yaya Kham. Ba ta jin maganar ɗanta, amma tawa tana ji."