Amya Bakwai a Kan Ɗorawa Ɗaya

"Juma'ar da za a yaye shi, ranar zan tafi da shi Zariya."

Gwaggo Azumi ce ta faɗi haka tana zaune a kan tabarma a tsakar gida, ta ɗora Nababa a cinya tana gutsura masa gayan fura. Huraira na durƙushe a gaban murhu tana tuƙa tuwo. Muciya ta tsaya cak a hannunta.

"Ko kina da magana, 'yar nan?"

Magana kam tana da ita, cike da ciki. Amma matan gida na zaune suna kallon bakinta, kuma Nababa ɗanta ne na fari.

"Ni me ya dame ni da shi, Gwaggo? Ai naku ne."

Matan suka yi dariya, suka yaba wa tarbiyyar gidansu. Gwaggo ta gyara zama, ta ce ai haka shi ma uban ya faɗa jiya a zaure a gaban Baffa Abarshi, babban gidan, wai ko yau aka tafi da yaron shi ba ruwansa.

Huraira ta ci gaba da tuƙi. Hawayen da suka zubo ta ɗora wa hayaƙi laifinsu.

A Birnin Gwari na wancan zamani, lokacin da ake zuwa Zariya a ƙasa cikin ayari, ɗan fari abin kunya ne ga iyayensa. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, nono ma sai an ce ta ba shi. Uba kuwa ba ya ɗaukarsa, ko kuka yake yi a bakin ƙofa sai dai ya raɓa ya wuce. Na Huraira kunyar ta zama biyu, domin an sa wa yaron Abubakar, sunan marigayi mahaifin mijinta. Shi ya sa gida ke kiransa Nababa, ita kuma ta tsaya a "yaron nan".

Ba a tilasta mata auren Mu'azu ba, ita ta gani ta ce tana so. Sana'arsa zuma: ya saƙa amya da ciyawa, ya ɗora a kan itatuwan dawa, ƙudan zuma su shiga su yi gida. Ranar da ta fara ganinsa a kasuwa, idonsa ɗaya a rufe yake saboda harbi, ta yi dariya har daddawar da take sayarwa ta kusa kifewa. Shi kuwa ya ce tunda fuskarsa na sa ta dariya, zai riƙa kawo mata ita kowace kasuwa. Mahaifinta ya so ya hana, ya ce ba zai ba mutumin da ya fi sanin birai fiye da mutane ba. Mu'azu bai yi fushi ba, ya yi ta zuwa gaisuwa damina biyu har tsohon ya gaji ya ba shi.

Shekarar farko ta yi musu daɗi. Yana kiranta ƙanwata, ita kuma tana kiransa mai zuma idan ba kowa kusa.

Da ciki ya tsufa aka mai da ita gidansu goyon ciki, ta haihu da kaka ana yankan dawa. Ranar suna aka yanka rago, wanzami ya yi wa jariri aski, mata suka cika gida da guɗa. Mu'azu bai zo ba, ya ɓuya a gidan abokinsa kamar yadda ake yi. Huraira ta san haka ake yi, amma duk da haka ta yi ta kallon ƙofa. Ta gama wankan jego, ta sha kunun kanwa har ta yi ƙiba, aka dawo da ita ɗakinta da goyo.

Daga nan ta fara lura da wani abu. Duk ranar da yaron ya yi sabon abu, washegari da sassafe Mu'azu zai ɗauki gatari ya fita dawa, sai la'asar ya dawo. Ranar da Nababa ya zauna da kansa gida ya ɗauki murna, uban ya tafi dawa. Ya fito da haƙori, uban ya tafi dawa. Kunya ta san ta, amma wannan a ganinta ya wuce kunya, gudu ne. Sai ita ma ta ƙara wa tata kunyar gishiri. Idan ta ji motsinsa a zaure sai ta ɗaga murya ta ce a zo a ɗauke mata yaron nan, ya ishe ta.

Hira ta ragu a tsakaninsu har ta koma sannu da aiki, yauwa sannu.

Gwaggo Azumi yayar mahaifin Mu'azu ce, ita ta goyi marigayin yana jariri. Tana aure a Zariya, gidan wani falke. Sau huɗu ta haihu, ba wanda ya yi rarrafe. Ba muguwa ba ce, sai dai ta iya jera magana, ta san wadda za ta kai wa wannan da wadda za ta kai wa wancan. Zariya kuwa tafiyar kwana shida ce, yaron da aka kai riƙo can sau da yawa sai ya yi gemu iyayensa ke sake ganinsa.

Saura kwana tara Juma'ar yaye. Huraira ta daina cin abin kirki. A ranta ta gama shawara: ranar da aka fita da yaron ta ƙofar gari, ita ma za ta tattara 'yan ƙorenta ta koma gidansu. Ba za ta iya zama da mutumin da ya ba da ɗanta kamar ya ba da aron fartanya ba, duk da har yanzu idan ta ji takunsa gabanta na faɗuwa.

Ruwan farko ya sauka, kaɗanya ta fara zuba. Ranar Talata Huraira ta bi matan unguwa tsintar kaɗanya, Gwaggo ta ce a bar mata Nababa ya fara sabawa da ita. Suka fita ganuwa da hantsi suka shiga dawa. Huraira ba ta son hira, sai ta ware tana bin gindin itatuwa ita kaɗai, har ta daina jin muryoyinsu.

A gindin wata babbar ɗorawa ta ga Mu'azu.

Yana zaune da amya a cinya, ya saƙa rabi ya bari, hannuwansa a sake. Ta juya za ta koma.

"Huraira."

Ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Ashe kin ba da shi."

"Ni?" Ta sauke ƙwaryar daga kanta. "Kai ka fara ba da shi. A zaure, a gaban Baffa."

"Me zan ce a gaban Baffa? Na sunkuyar da kai na ce nasu ne, ina jiran a ce uwar ta ƙi. Sai Gwaggo ta dawo ta ce kin ce bai dame ki ba."

"Ita ta ce mini ka ce ba ruwanka..."

"Wata goma sha tara ina jin ki ta bayan zana kina cewa ya ishe ki."

"Wata goma sha tara kana gudu dawa duk ranar da ya yi abin murna!"

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sai ya miƙe ya kakkaɓe riga, ya ce ta ɗaga kai.

Ta ɗaga. A kan rassan ɗorawar akwai amya jere, wasu sun yi baƙi don daɗewa, wasu ciyawarsu ba ta gama bushewa ba, ƙudan zuma na shiga da fita. Ta ƙirga, bakwai.

Ya nuna ta can sama. Ya ce wannan ta ranar haihuwa ce. Yana gona aka kawo masa labari a gaban Baffa, ya ce to madalla, ya ci gaba da yankan dawa har ya yanke yatsa bai sani ba. Washegari ya zo nan ya ɗora ta, ya yi ta ihu shi kaɗai har birai suka watse. Ta kusa da ita ta suna ce. Waccan ta zama ce.

"Waccan mai karkata kuwa ta haƙori ce. Ina zaure na ji kin ce wash, ya cije ki."

Dariya ta kufce mata, hawaye na bin ta.

Ya nuna ta rarrafe, da ta ranar da yaron ya kama turmi ya miƙe. Ta bakwai ita ce ta tafiya. Ya ce taku uku ya yi, a na huɗu ya faɗa kan kaza. Huraira ta tambaye shi ta ina ya gani, alhali ba ya cikin gida. Ya sosa ƙeya ya ce akwai wata 'yar kafa a zanan zaure, daidai tsayin mutum idan ya zauna, shi ya huda ta.

"Wannan ta yaye ce," ya taɓa wadda ya bari a ƙasa da ƙafa. "Kwana huɗu ina zuwa, na kasa gama ta."

Huraira ta zauna a kan saiwa, ta rufe fuska da gefen zane. Da ta samu murya ta gaya masa nata. Ta ce duk ranar da yaron ya yi sabon abu, bayan rumbu take zagayawa ta yi ta dariya ita kaɗai kamar mai iska. Idan ba kowa a ɗaki tana raɗa masa sunansa na gaskiya a kunne, ta nemi gafarar marigayi.

"Ina son sa har ina jin tsoro," ta ce. "Kai ma... ban daina ba. Haushinka kawai nake ji."

"Ƙanwata."

Rabon da ta ji wannan kalma tun kafin ta tafi goyon ciki.

Suka zauna suna duba abin ta kowace fuska. Baffa ya riga ya amsa. Gwaggo uwa ce. Ba wanda ya taɓa jin uba ya buɗe baki a kan ɗan fari, wanda ya yi kuwa gari zai daɗe yana ba da labarinsa. Mu'azu ya ce ta bar masa, shi zai ɗauki kunyar. Ta ce a'a, tare suka yi ƙaryar.

Ranar Juma'a da hantsi malam ya aiko da rubutu, aka wanke aka zuba a kunu aka ba Nababa ya sha. An ɗaure wa jakin Gwaggo kaya, ayari zai tashi bayan an sauko daga masallaci. Gida ya taru a tsakar gida, Baffa Abarshi na kan buzunsa. Gwaggo ta warware sabon majanyin da ta zo da shi tun daga Zariya, ta ce a miƙo mata yaron.

Mu'azu ya shigo. Ya durƙusa ya gai da Baffa, ya gai da Gwaggo. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki ɗansa.

Bai iya ba. Ya riƙe shi nesa da jiki kamar mai ɗauke da tukunya mai zafi. Nababa bai san hannun ba, ya canyara kuka. Mata suka kama baki.

"Gwaggo, ki yafe mini. Ƙarya na yi a zaure. Ina son yaron nan, ba zan iya a tafi da shi ba."

"Mu'azu," in ji Baffa, "ka san a gaban wa kake?"

"Na sani, Baffa."

Gwaggo ba ta dube shi ba. Ta ce uwar ta riga ta ba ta, kowa a nan shaida ne. Idanu suka koma kan Huraira. Ta ji kamar ƙasa ta buɗe ta shige, amma ta matso ta durƙusa kusa da mijinta.

"Ni ma ƙarya na yi, Gwaggo."

Nababa na ta kuka. Gwaggo ta daɗe tana kallon majanyin da ke hannunta, sannan ta fara naɗe shi a hankali.

"Na sani," ta ce. "Ni ma na taɓa haihuwa. Na ɗauka kunya za ta riƙe ku har in fita ƙofar gari."

Ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta shafa kan Nababa, ta sa masa albarka, ta bi ayari ita kaɗai. Huraira ta raka ta har bakin ganuwa, kuma tausayin tsohuwar bai bar ta ba shekaru da yawa. Baffa bai sake amsa gaisuwar Mu'azu ba sai da aka yi kaka. Mata a bakin rijiya kuwa sun samu abin taunawa, har da masu kwaikwayon muryarta.

Amma wannan duk daga baya ne.

A ranar, da la'asar, aka ce a kai yaron gidan iyayen Huraira ya yi kwanakin yaye, nan cikin gari, unguwa biyu tsakani. Wata tsohuwa ta miƙo hannu za ta goya shi, Mu'azu ya ce ta huta. Ya ɗora shi a wuya ya fita ta zaure, Huraira na biye da ƙullin kayansa. Masu zaman ƙofar gida suka bar hira, wani mahauci ya tsaya da wuƙa a hannu.

"Mutane na kallonmu," ta ce ƙasa-ƙasa.

"Su kalla."

Nababa ya daina kuka, ya damƙe kunnen uban da hannu biyu yana leƙen duniya daga sama.

"Kwana bakwai zai yi wajen Innarki," Mu'azu ya ce, bai juyo ba. "Kin ce kina jin haushina. Sun isa ki huce?"

Huraira ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ƙara sauri har kafaɗarta ta taɓa tasa.

"Ka riƙe ƙafarsa da kyau, mai zuma," ta ce. "Zai faɗo."