Kalmar da Ta Kusa Raba Eloy da Orla

Eloy ya fara ganin Orla ne a wani shagon shayi a garin Galway na ƙasar Ireland, inda duk Asabar masu koyon Turanci ke haɗuwa da masu koyon Sifaniyanci su yi musayar harshe. Ma'aikacin jinya ne daga Zamora ta ƙasar Spain, bai daɗe da kama aiki a garin ba. Turancin asibiti ya iya shi, na hira ne ke ba shi wuya.

Kujerar da ke gabanta kaɗai ta rage. Ya zauna, ya ce shi ɗan "Espain" ne. Ta danne dariya, ta ce ya sake faɗa ba tare da wannan "e" da ya liƙa a gaba ba. Ya yi ta gwadawa, abin ya ƙi. Ita kuma da ya ce ta faɗi perro, wato kare, harshenta ya ƙi kaɗa "r" ɗin, sai ta ce pero, wato amma.

"To, mun yi canjaras," in ji shi. "Ki gyara mini baki, in gyara miki."

Orla malamar firamare ce, gyara baki kuwa sana'arta ce. Kowace safiya sai su tura wa juna kalma da ma'anarta da yadda ake furta ta. Da farko kalmomin kasuwa ne da na mota. Kafin sanyi ya wuce, darasin ya sauya launi.

"Kalmar yau: heart. A harshenku corazón. Ka saki 'h' ɗin da iska, kada ka kakare ta a maƙogwaro, ɗan Espain."

"Na karɓa, malamata. Tawa ita ce cariño, ana cewa kariniyo. Wanda ake so ake kira da ita. Ba don darasi na turo ba."

Mahaifinta, Fergal Tierney, makiyayin tumaki ne a wani ƙauye a yankin Connemara, yamma da Galway. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa maza sun tafi Ostareliya, Orla ce ta rage masa. Ransa yana kan ta auri Cathal, ɗan maƙwabcinsa, wanda tun suna makaranta yake son ta. Cathal ɗin ne ke yawan gaya mata cewa baƙin nan shekara biyu suke yi, su kwashe kayansu su koma.

Ranar Lahadin da aka gayyaci Eloy cin abinci a gidan Fergal, ya tarar da Cathal a teburin. Eloy ya riga ya shirya maganarsa tun a mota. A Sifaniyanci pretender na nufin neman aure da niyya mai ƙarfi, ya ɗauka Turanci ma haka ne. Ya miƙe, ya dubi dattijon, ya ce shi "pretend" yake yi ya auri 'yarsa. A kunnen kowa, cewa ya yi auren na wasa ne, ba da gaske yake ba.

"Ai gara da ya faɗa da bakinsa," in ji Cathal.

Fergal ya ajiye cokali, ya tashi ya buɗe ƙofa, ya nuna wa Eloy hanya. Orla ta sunkuyar da kai.

Sai a tashar mota Eloy ya duba kalmar a waya, ya gane kuskurensa. Nan take ya rubuta mata:

"Orla, a wurinmu saurayin da ya je gidan su yarinya neman aurenta shi ake kira pretendiente. Abin da na je yi ke nan. Ki duba ki gani."

Amsa ba ta zo ba sai washegari.

"Na duba, gaskiyarka ce. Ka yafe mini shirun da na yi, cariño. Amma ba kalmar ce ta fi damun Baba ba, tsoro yake ka tafi da ni. Ka zo ka yi masa magana da kanka."

Eloy ya sami Fergal a garke yana yanke wa tumaki kofato. Wannan karon bai shirya komai ba. Da ƙananan kalmomi ya gaya masa cewa a nan za su kafa gida, amma ba zai ɓoye ba, shi ma mahaifiyarsa tana can ita kaɗai, duk hutun makaranta za su je mata. In Baba ya yarda, har da shi za a riƙa tafiya.

Fergal ya ci gaba da yankan kofato. Can ya turo masa tunkiyar.

"Riƙe mini ita da kyau, yaro. Kuma Lahadi ka dawo, ban saba baƙo ya bar mini nama a faranti ba."

An ɗaura auren a ƙaramar majami'ar ƙauyen. Cathal ya zo, ya ba ango hannu, bai tsaya cin abinci ba. Mahaifiyar Eloy, Herminia, ba ta jin Turanci ko kaɗan, amma tana ganin Fergal ta rungume shi tana kiransa consuegro. Ya tambayi Orla me aka ce masa. Ta ce sunan da iyayen ango ke kiran uban amarya ke nan, Turanci ba shi da kalma guda ta wannan.

"To, sai mu ara," in ji Fergal.

Ya kama hannun Herminia, ya haɗa da na yaran biyu, ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka. Herminia ba ta jira fassara ba, ta ce amin.