Wanda Ya Gyara Jerin Motoci

"An saci mota" kawai aka ce wa Sufeto a waya. Ya ɗauki Saje suka tafi. Da suka isa gidan ya leƙa gareji, ya ga mota tana nan lafiya lau.

"Baba, wace motar aka sace?"

Mai gidan, tsohon injiniya da ya yi ritaya, ya ja shi zuwa wani ɗaki, ya nuna masa kabad ɗin gilashi. Ƙananan motocin ƙarfe ne jere a kan baƙin ƙyalle mai laushi, kowace ba ta wuce tsawon yatsa ba.

Sufeto ya runtse ido. Saje ya juya baya yana tarin ƙarya.

"Abin wasan yara?"

"Kai ne yaro! Jar bas ce aka sace, ta girmi mahaifinka. Tun kafin yaƙin duniya aka zuba ta, lokacin da masu ƙera jirgin ƙasan wasa suka fara yin motocin da za a jera a gefen tasha. Yara suka farfasa sauran, tawa ta tsira. Ga ɓarawon can, mijin 'yata. Ku tafi da shi."

Surukin yana tsaye a bakin ƙofa, jakar kayansa a ƙafarsa. Tun da aikinsa ya tsaya suke zaune a gidan shi da matarsa, yau kuma an ba shi zuwa yamma ya fita.

"Ka taɓa buɗe kabad ɗin nan?" Sufeto ya tambaye shi.

"Ban taɓa ba."

"Matarka ta ce ta gan ka."

Ya sunkuyar da kai. "Sau ɗaya ne, ranka ya daɗe. Waccan mai ƙyalli na ɗauka na duba. Wa zai saci bas ɗin nan? Duk fentinta ya ɓare."

"Ka ji ko?" Injiniya ya daka tsawa. "Maƙaryaci!"

Sufeto ya ce kowa ya fita. Saje ya matso ya yi ƙasa da murya. "Oga, mu kai shi ofis kawai mu huta."

"Ina ake ajiye kwalayen motocin nan?" Sufeto ya ce.

Suka same su a wata durowa can ƙasa, a bayan tsofaffin jaridu. Kwalin bas ɗin ma babu. Injiniya da aka kira ya dafe kai ya zauna. Ya ce kwalin ya fi motar wuyar samu, domin yara yaga shi suke yi su yar tun ranar farko.

Sufeto ya koma ga kabad ɗin, ya haska da fitilar wayarsa. Tayoyin kowace mota sun bar sawu a jikin ƙyallen. A layin sama kuwa, wata doguwar koriyar lori tana zaune a kan gajeren sawu, motar asibitin da ke kusa da ita kuma a kan dogo.

Ya sami matar gidan a kicin.

"Mama, yaya Baba yake jera motocinsa?"

"Bisa shekarar da aka ƙera su. Ni ko goge gilashin ba a bari na yi."

"Wa ke shiga ɗakin ban da shi?"

"Sai Likita, tsohon likitan haƙorin nan, amininsa. Shi ma irin ciwon ne da shi. Amma sun yi faɗa." Ta ja tsaki. "Tun 'yata na goye suke musu ɗaya, wai lori ce ta riga ko motar asibiti. Mijina ya ce motar asibiti, Likita ya ce lori. Har a mafarki nake jin su."

"Ya zo jiya?"

"Ya kawo mini maganin ƙafa, mijina ba ya nan. Na bar shi a falo na shiga ɗauko masa ruwa."

Aka aika Saje ya zo da Likita. Ya shigo da jakarsa ta fata, yana gyara tabarau.

"Rabona da ɗakin nan tun kafin mu ɓata," ya ce.

"To," Sufeto ya ce. "Baba, dubi layin sama."

Injiniya ya matsa. Tun safe gurbin bas kawai yake kallo. Sai yanzu ya gani.

"Wa ya sa lori a gaban motar asibiti?"

"Wurinta ke nan!" Likita ya ce da ƙarfi.

Kowa ya juya ya dube shi.

"Ɓarawo yakan ɗauki abu ya gudu," Sufeto ya ce. "Wannan ya san inda kwali yake, ya ɗauka, sannan ya tsaya gyara jeri. Surukinka bai san wadda ta girmi wata ba. Likita, buɗe jakar, ko mu je gidanka da takardar bincike."

Likita ya buɗe jakar. Bas ɗin tana cikin kwalinta, an naɗe ta da auduga.

"Fenti zai sake mata," ya ce. "Da bakinsa ya gaya mini zai kankare fentin asali ya fesa sabo. Na roƙe shi, na roƙe shi, ya kore ni. Ni ko gida na kasa barin ta, da ita nake yawo."

"Kana ji ana korar bawan Allah a kanta, ka yi shiru?" Sufeto ya ce.

Saje ya riƙe hannun Likita suka nufi ƙofa.

Injiniya ya kasa haɗa ido da surukinsa. Ya dubi jakar da ke ƙasa, ya ce, "Mayar da ita ciki, tana tare hanya."

Daga tsakar gida muryar Likita ta taso: "Amma dai lori ce ta riga!"

"Ƙarya kake!" Injiniya ya mayar masa.

Injiniya ya kai hannu zai mayar da lorin wurinta. Sufeto ya riƙe masa hannu.

"Shaida ce, Baba. Haka za ta zauna sai an gama shari'a."